Daga ina mai son gina manhaja zai fara bayan kammala digiri?

Ɗan Funtuwa:
Assalamu alaikum. Na kammala digiri a kimiyyar kwamfuta, yanzu ina bautar ƙasa, kuma burina shi ne in zama mai gina shafukan intanet da manhajoji. A makaranta mun taɓa Java da C++, amma yawancin aikin a takarda muka yi shi, sannan duk wanda na tambaya sai ya ambaci wani harshe daban: wannan ya ce Python, wancan ya ce JavaScript, wani ma ya ce in daina wahalar da kaina tunda ƙirƙirarriyar basira ta fara rubuta manhaja. Ina roƙon yayyenmu da suka riga mu shiga wannan sana'a su nuna mini mafari, da kuma matakan da ake takawa har mutum ya ci abinci da ita.

Injiniya daga Kaduna:
Wa'alaikumus salam, ƙanena. Shawarata ita ce ka daina tara harsuna, ka kama hanya ɗaya ka bi ta har ƙarshe. Tunda intanet ka ambata, fara da HTML da CSS, waɗanda da su ake tsara gini da kwalliyar shafi, sannan ka zauna a kan JavaScript na tsawon watanni, domin wannan harshe da Brendan Eich ya ƙirƙiro a 1995 shi ne wanda kowace burauza take fahimta a yau, kuma da zuwan Node.js a 2009, manhajar da ke sa ya yi aiki a wajen burauza, ana rubuta ɓangaren bayan fage da shi, wato ɓangaren shafi da mai ziyara ba ya gani. Kada ka yi gaggawar tsallakawa zuwa React, wato tarin kayan aikin JavaScript na gina fuskar shafi, kafin ka iya gina shafi ba tare da shi ba. Masu yin haka sukan tsaya cak da zarar kuskure ya fito a allo, don ba su san abin da ke gudana a ƙarƙashi ba.

Bayan nan ka koyi tsara rumbun bayanai da SQL, harshen da ake sarrafa shi da shi, ka kuma riƙe Git, manhajar da ke adana tarihin gyare-gyaren aikinka, da muhimmanci, ka riƙa ɗora aikinka a GitHub, shafin da masu gina manhaja ke ajiye ayyukansu. Mai ɗaukar aiki yakan buɗe wannan shafin kafin ya dubi takardar digirinka.

Abin da ya fi kowane kwas shi ne ka gina wa mutane na gaske wani abu. Idan a makaranta aka tura ka, yi musu manhajar haɗa sakamakon jarrabawa. A nan za ka ga malami ya rubuta sunan yaro ɗaya iri uku, Muhammad da Mohammed da Muh'd, ko ya saka maki 105 inda iyaka 100 ne, kuma dole manhajarka ta san yadda za ta yi da su. Game da matakai, ana farawa ne a matsayin ƙaramin ma'aikaci wanda ake ba shi gyare-gyare ana duba aikinsa, sannan a damƙa masa ɓangare guda, har ya zama babba mai tsara ginin gaba ɗaya. Daga nan hanya takan rabu biyu: ko dai ya zurfafa a fasaha, ko ya koma jagorantar ma'aikata.

Hajiya Mai Shafuka:
Na yarda da Injiniya, sai dai ina so ƙanenmu ya dubi kasuwar da ke gabansa. Yawancin ayyukan farko a garuruwanmu na makarantu ne da ƙungiyoyi da 'yan kasuwa, kuma da yawansu da WordPress ko Laravel ake yin su, wato kayan aikin gina shafi da aka rubuta da harshen PHP, wanda matasa suke rainawa ba bisa hujja ba. Ka koyi haɗa shafi da hanyar biyan kuɗi irin Paystack, kamfanin da Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015 kuma kamfanin biyan kuɗi na Stripe ya saya a 2020, domin ɗan kasuwa abin da zai fara tambayarka ke nan. Kuma ka rubuta yarjejeniya, ka karɓi wani kaso na kuɗin kafin ka fara, in ba haka ba gyara ba zai ƙare ba. Kuɗin farko da ka samu ka sa shi a sola da data, saboda aikin nesa ba ya karɓar uzurin an ɗauke wuta.

Malami daga Kano:
Maganar ƙirƙirarriyar basira ba a amsa ta ba. Gaskiya ne tana rubuta irin ƙananan ayyukan da a da ake ba sabon shiga, don haka ƙofar farko ta ƙara ƙunci. Amma tana yin kuskure cikin ƙarfin gwiwa, kuma sai wanda ya san tushe ne yake ganewa. Yi amfani da ita, da sharaɗin kada ka saka layin da ba za ka iya bayaninsa ba. Darussan shafin freeCodeCamp da kwas ɗin CS50 na Jami'ar Harvard kyauta ne, akwai kuma shirin 3MTT na horar da matasa fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Ka kuma gyara Turancinka na rubutu, domin da shi ake karanta bayanan manhaja, da shi kuma ake yi wa abokan aiki na nesa bayani.

Ɗan Funtuwa:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. A makarantar sakandare nake bautar ƙasar, kuma gobe in sha Allahu zan nemi izinin shugaban makarantar a kan manhajar sakamakon.