Neman suna: ciwon nan na ƙasan dunduniya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a wani ƙaramin asibitin karkara a yankin Ringim, kuma taimakonku nake nema a kan suna guda. Akwai ciwon da likitoci ke rubutawa a kati da Turanci, plantar fasciitis. Masu zuwa mana da shi manoma ne, da masu tallan nono, da masu shayi da ke wuni a tsaye, da 'yan dako a kasuwar Maigatari, galibinsu daga shekara 40 zuwa 60. Har yau ba mu da abin da za mu ce musu sunansa ke nan.

Ga yadda yake. Mutum ya farka da asuba, ya sauke ƙafa zai je alwala, sai zafi ya soke shi a ƙasan dunduniya, ta gefen ciki. Ya ɗingisa ya ɗauko buta. Kafin ya dawo daga masallaci abin ya lafa. Ya zauna ya karya kumallo, yana miƙewa ya dawo sabo. Da yamma kuma ya yi ta zugi. Ka juya ƙafar ka duba, ba rauni, ba ƙurji, ba kumburi.

Abin da ke damuna shi ne, in mu ba mu ba shi suna ba, a gida za a ba shi. Wani a ce masa sanyi ne, wani a ce ya taka sammu. Daga nan sai tsaga, sai ƙaho, sai sakiya a kan dunduniyar da ba ƙwayar mugunya a cikinta. Na ga wadda aka yi wa sakiya, ramin ya fi ciwon farko daɗewa bai warke ba.

Malamin makaranta, Gumel: Wa alaikumus salam. Malam, a ce ciwon dunduniya mana. Kowa ya gane, ba sai an wahalar da mutane ba.

Allah ya gafarta Malam, shi muke faɗa yanzu, amma ya yi faɗi. Faso ciwon dunduniya ne. Ciwon agara, wanda ke kama bayan dunduniya inda takalmi ke goga, shi ma haka. Yaro ɗan shekara 10 ko 12 mai buga ƙwallo yana kukan dunduniya, nasa kuwa daga wurin da ƙashi ke girma ne. Akwai tsagewar ƙashi. Kowanne da maganinsa, suna ɗaya ba zai ɗauke su ba.

Ma'aikaciyar jinya, Dutse: Mu in muna yi wa mutane bayani cewa muke kumburin tantanin tafin ƙafa. Kusan abin da Turancin ke nufi ke nan.

Na gode Hajiya, kuma fassarar ba ta kauce ba. Sai dai Bahaushe in ya ji tantani, abu sirit mai saurin yagewa yake hangowa, wannan kuwa kauri gare shi da tauri. Sannan kina cewa kumburi mai ciwon zai kalli ƙafarsa, ya ga ba ta kumbura ba, ya ce a ransa ba ki gano ciwon ba. Su ma likitocin sun lura abin ya fi kama da gajiya da 'yan ƙananan tsage-tsage a wurin, kumburin kaɗan ne.

Mai shago, Wudil: Ni na yi shi. Har Kano na je aka yi mini hoto, aka nuna mini wani ɗan ƙashi mai tsini ya fito a ƙasan dunduniya. Ni dai ƙayar dunduniya nake kiransa, don wallahi kamar ƙaya kake takawa.

Alhaji, sannu, Allah ya ƙara afuwa. Sunan nan yana da daɗin faɗa, shi ya sa nake tsoronsa. Duk wanda ya ji yana da ƙaya a ƙafa, mai cire masa ita zai nema, ko wanzami ko likitan tiyata. Ɗan tsinin nan da ka gani a hoto gaskiya ne yana nan, amma mutane da yawa suna da shi ba sa jin komai, wasu kuma ciwon ya hana su sukuni alhali hotonsu fes yake. Mutum yakan warke sarai tsinin yana nan inda yake.

Shi ya sa gane ciwon ba ya buƙatar hoto a mafi yawan lokuta. Labarin takun farko na safe ya ɗauki rabin aikin. Sauran na hannu ne: mu danna babban yatsa a ƙasan dunduniya ta gefen ciki, mai ciwon ya zabura, mu lanƙwasa yatsun ƙafar sama mu sake dannawa, zafin ya ƙaru. Hoto sai in mutum ya faɗi ya bugu, ko ƙafar ta kumbura, ko an yi watanni ana magani ba sauƙi. Irin waɗannan mukan tura su babban asibiti, wasu har asibitin ƙashi na Dala.

Ɗalibi, Ɗambatta: Yaya, na karanta wa kakana, tsohon maharbi ne. Ya ce in tambaye ka, shi abin da ke ciwon daga ina zuwa ina ya tashi?

Ka gaishe mini da Baba. Ka ce masa ƙafa ƙasusuwa 26 ne, kuma ba a shimfiɗe suke ba, a gantsare suke, shi ya sa tsakiyar sawu ba ya fita sosai a kan rairayi. Abin da muke magana a kai ya kama daga ƙashin dunduniya ya miƙe ta ƙasa har gindin yatsu, shi ke riƙe da gantsarewar.

Ɗalibi, Ɗambatta: Ya ce to ai wannan tsirkiya ce. Ƙashin shi ne bakan.

Allah ya saka wa Baba da alheri, ya ƙara masa lafiya. Wannan ita nake nema. Duk mai karanta wannan ya cire takalmi, ya ɗora ƙafa kan gwiwa, ya ja babban yatsa sama, ya shafa tafin ƙafar da ɗaya hannun. Zai ji wani abu ya ɗame tsaf daga dunduniya zuwa yatsu. Ya saki yatsan, zai ji ya saki. Tsirkiyar ƙafa ke nan. Ciwon kuma ciwon tsirkiyar ƙafa.

Abin da ya fi burge ni, sunan da kansa yana jan bayanin magani. Cikin dare ƙafa na sake, tsirkiyar ta tsuke, da asuba a ɗora mata nauyin jiki gaba ɗaya a taku guda. To kafin a sauko daga gado a ja yatsun sama, a riƙe a ƙirga goma, a saki, a yi haka sau 10, a maimaita da rana da kuma dare. A dafa bango, ƙafa mai ciwo a baya, dunduniya manne da ƙasa, a karkata gaba har a ji sharaɓa ta miƙe, a tsaya daƙiƙa 30, domin taurin sharaɓa da agara na cikin abin da ke jawo shi. In an samu ƙanƙara a mirgina gorar ruwan sanyi ƙarƙashin ƙafa kamar minti 10. A bar yawo ba takalmi a kan siminti, a yar da silifas ɗin da dunduniyarsa ta cinye, a nemi mai taushi ko a sa soso a ciki. Mai ƙiba ya rage. Ciwon yana da naci, yakan ɗauki watanni, amma kusan 9 cikin 10 suna warkewa cikin shekara ba tare da wuƙa ta taɓa su ba.

Malamin makaranta, Gumel: Ta zauna. Amma yaran yanzu nawa ne suka san tsirkiya? Jijiyar ƙafa ba ta fi sauƙi ba?

Malam, jijiya mun riga mun ɗora mata kaya da yawa. Ta jini jijiya, ta laka jijiya, agara ma wasu jijiya suke cewa. In na ce wa mutum jijiyarsa ce, hawan jini ko shanyewar jiki zai fara tunani. Tsirkiya kuwa wanda bai ga baka ba ya ga gurmi ko garaya. A wasu wuraren tsarkiya ake cewa, duk ɗaya ne. Wanda bai sani ba a ja masa yatsa ya taɓa tasa.

Uwargida, Ɓaɓura: Na karɓa. Tambayata, maƙwabciyata tana shan maganin kemis kullum saboda wannan ciwon tsirkiyar, yanzu kuma allura ake ce mata ta yi a dunduniyar. Tana da ciwon suga.

Hajiya, don Allah ki ce mata ta dakata. Irin su diklofenak da ibuprofen na 'yan kwanaki ne, shan su wata da watanni yana cin ciki, yana taɓa ƙoda, balle ga mai suga. Allurar dunduniya akwai ta, amma sai abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kuma likita ke yi, don yawanta na iya tsinka tsirkiyar, tana kuma ɗaga suga. Mai suga ma ba kowane zafin ƙafa ne wannan ba. In tana jin raɗaɗi cikin dare, ko ƙafar na dindiris ba ta jin abin da ta taka, ko akwai ɗan gyambo ko da bai kai ƙwayar gero ba, ta zo asibiti gobe a duba ƙafafun biyu, kada kowa ya sa mata aska ko wuta.