Waɗanda aka yi wa dashen tantanin ido, yaya kuka ƙare?

Mai tambaya daga Funtuwa: Assalamu alaikum. Karan gero ya soki mahaifina a ido lokacin girbi, aka yi kwana 5 ana ɗiga masa ruwan ganye kafin mu kai shi asibiti. Gyambon ya warke, amma ya bar farar hakiya a tsakiyar baƙin idon, kuma likita ya ce sai an dasa masa tantanin gaban ido, wanda suke kira koniya, daga idon mamacin da ya yi kyautarsa. Ina roƙon duk wanda ya bi ta wannan hanya ya faɗa mana abin da ya gani.

Malamin makaranta daga Gusau: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ni tantanin nawa ne ya sirance ya turo gaba kamar kan malafa, har tabarau ya daina yi mini amfani. An cire mini sassan gaba kawai aka bar na can ciki, aikin da ake kira DALK, domin jiki bai cika yaƙar dashen ba idan an bar masa wannan sashen nasa. Ɗinki 16 aka yi da zaren da bai kai kaurin gashi ba, kuma sai da shekara ta zagayo aka fara zare su kaɗan-kaɗan. Har yau ina sa tabarau, sai dai ina karanta rubutun ɗalibaina.

Wata 'yar'uwa daga Zariya: Mahaifiyata tantaninta ya kumbura ne bayan aikin yanar ido. Ita sashen ciki kaɗai aka sauya mata, aka hura iska cikin idon don ta manne dashen, aka ce ta kwanta rigingine na 'yan kwanaki, har sallah ma a kwance ta riƙa yi. Cikin makonni hazon ya washe.

Tela daga Maraɗi: Ƙanena mai tambaya, na mahaifinka ya fi kama da nawa, don haka ka saurara. Hakiyata ta ƙyanda ce tun ƙuruciya, ta ci tantanin gaba ɗaya, shi ya sa aka yanke shi duka aka ɗinka wani. Na ga haske sosai, sai na yi sakaci da maganin ɗigawa da kwalbar ta ƙare, ina ganin ai na warke. Bayan wani lokaci idon ya yi ja, haske ya riƙa damuna, gani ya dusashe, ni kuwa na yi mako guda ina jira ya wuce da kansa. Da na isa, likita ya ce jikina ne ke ƙin dashen, kuma da na zo da wuri da magani ya isa ya ceto shi. Ka tambayi likitan Baba ko jijiyoyin jini sun shiga hakiyar, domin hakan yana ƙara wannan haɗarin, sannan ka lissafa kuɗin magani da na zirga-zirgar asibiti kafin a sa ranar aiki.