Wutar gaz ɗina ta koma rawaya, tukunya sai baƙi, me ya kawo haka?

Maman Nana, Garin Malam:
Salamu alaikum ƴan uwa, don Allah masu sani ku taimaka min. Buteli na gaz mai kilo 6 gare ni, shekara biyu ina girki da shi wutar shuɗiya ce tas, to tun shigowar hunturun nan ta koma rawaya tana wani lilo kamar wutar kara, gindin tukunya baƙi ƙirin in ka taɓa har ya kama hannu, kuma gaz ɗin da ke kai ni wata guda yanzu sati uku ya ƙare. Maƙwabciyata ta ce wai gauraya shi ake yi. Jiya kuma da na rufe ƙofar madafa saboda iska kaina ya yi ta sara har dare, shi ne abin ya fara ba ni tsoro.

Mushe Fizik-Shimi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, kar ki sake rufe ƙofar nan kina girki. Wutarki iska ce ba ta ishe ta ba. Gaz ɗin buteli yawancinsa butan ne, C4H10, wato karbon 4 da haidirojin 10, dangin isanshi ne da gazuwal, duk daga ɗanyen man Agadem ake fidda su a matatar SORAZ da aka buɗe a 2011. In ya ci da kyau yana haɗuwa da oksijin ɗin iska ya ba da CO2 (iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi) da tururin ruwa da zafi, shi ke nan:
2 C4H10 + 13 O2 → 8 CO2 + 10 H2O
Ki duba 13 ɗin nan, ga shi oksijin kashi 21 cikin 100 ne kawai na iskar da muke shaƙa, don haka lita ɗaya ta gaz tana son iska wajen lita 31. Shi ya sa a ƙasan kan gaz akwai ƴan ramuka da ke jawo iska ta gauraya da gaz kafin ya kama. In ƙura ko maiƙon miya sun toshe su, haidirojin shi zai riga cinye oksijin, karbon ya rasa rabonsa, wani ya fito a baƙin toka, shi ne yake yin jajur cikin harshen wutar kike ganin rawaya sannan ya manne a tukunya, wani kuma ya tsaya rabin hanya ya zama CO, wato wata iska mai guba. Wannan CO ɗin ba launi ba wari, kuma jini yana kama shi fiye da oksijin sau 200 da wani abu, ciwon kan nan naki ni shi nake zargi.

Sani Makanike, Sabon Gari:
Mushe ka gama magana, mu ma haka muke gani a moto. Ɗan kabu-kabu zai zo yana cewa mai ne ba shi da kyau, ka kwance buji ka tarar da shi baƙi kamar gawayi, ka buɗe filtar iska ƙurar hanya ta cike ta dam, mai ya yi yawa iska ta yi kaɗan. Hajiya ki rufe buteli ki bari ya huce, ki cire kan ki wanke da ruwan zafi da omo, ki goge ramukan da tsohon buroshin haƙori ya bushe sarai. Amma ƙaramin ramin da gaz ke fitowa kar ki zura masa allura, in ya faɗaɗa gaz zai ƙara yawa baƙin ya fi na da.

Yaya Habsou:
Ni maganar CO ɗin nan ce ta tsaya min a rai. Bara cikin sanyi an ɗauke kuran, ƙanena ya tada gurup (injin wuta) a zaure ya ja ƙofa don tsoron ɓarayi, su uku suna kwance ciki. Allah Ya sa mahaifiyarmu ta fito alwala wajen ƙarfe uku ta ji ƙaramin yana amai, babban kuwa ƙafarsa ta ƙi ɗaukarsa, janyo shi aka yi tsakar gida kafin a kai su likita. Babu wanda ya ji warin komai a cikinsu. Masu shiga ɗaki da kaskon gawayi ma abu ɗaya ne wallahi.

Mushe Fizik-Shimi:
Allah Ya ƙara tsarewa Yaya Habsou. Abu ɗaya na manta Hajiya, ƙurar hunturu ita kaɗai tana sa wuta ta riƙa walƙiyar ruwan lemo ko da komai lafiya, wannan ba ta ɓata tukunya. Tunda taki tana baƙi to ƙarancin iska ne. Warin da ake ji in gaz na zuba kuwa da gangan ake saka shi, kuma butan ya ninka iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, sai a buɗe ƙofa kar a kunna ashana.

Maman Nana, Garin Malam:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Na wanke yanzu da la'asar, ashe har gidan zanzaro na ƙasa ne a cikin bututun. Wuta ta dawo shuɗiya sai ɗan bakinta da ya rage rawaya, Malam Sani shi ma sai na sake wankewa ko a bar shi haka?