Muhawara: Shin hannun jarin gaggan kamfanoni ba ya cin uwar kuɗi?

Ma'ajin ƙungiya: Assalamu alaikum. Kamar yadda aka tsayar a taron da ya gabata, kuɗin da ke asusun ƙungiyarmu ta 'yan fansho ba za su ci gaba da kwanciya ba, domin tsadar kaya tana cinye darajarsu muna kallo. Alhaji ya kawo shawarar a sayi hannun jarin gaggan kamfanoni, waɗanda dillalai ke kira bulu-cif, ya kuma ce irin wannan jari ba ya cin uwar kuɗi. Wasu ba su gamsu ba, saboda haka kowa ya kawo hujjarsa.

Alhaji, tsohon ma'aikacin banki: Wa alaikumus salam. Ina nan a kan bakana. Babu wata doka da ta jera sunayen waɗannan kamfanoni, amma an san su da siffofinsu: suna da girma, sun daɗe suna cin riba, suna raba wa masu hannun jari kasonsu a kai a kai, kuma duk ranar da mutum ya so sayar da nasa zai sami mai saye. A Amurka akan duba ma'aunin Dow Jones, mai nuna hawa da saukar farashin hannun jarin manyan kamfanoni, wanda aka kafa a 1896, yau kuma yake ƙunshe da kamfanoni 30. A cikinsu akwai Coca-Cola, wanda ya haura shekara 60 yana ƙara ribar da yake rabawa kowace shekara, da Procter & Gamble, wanda bai fasa rabon riba ba tun 1890. A kasuwarmu ta hannun jari da ke Legas kuwa, ana nufin irin su Dangote Cement da MTN da Zenith da Nestlé. Muddin ana gini, ana kiran waya, ana jefa dunƙule a miya, ban ga ta inda kuɗinmu za su salwanta ba.

Hajiya, malamar makaranta mai ritaya: Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma wannan magana na taɓa jin ta, kusan kalma da kalma, a 2007. A lokacin har cikin ɗakin malamai ake kawo mana fom, ana cewa bankuna su ne gaggan kamfanoni. Na zuba wani kaso na ajiyata a wani banki da ba zan ambaci sunansa ba, kuma takardar shaidar tana nan cikin akwatina, da hatiminta da sa hannunta, ba ta sayen ko mudun gero. A watan Maris na 2008 ma'aunin farashin hannun jari na kasuwar ya haura maki 66,000, bayan kamar shekara guda ya dawo wajen 20,000. Ba labari aka ba ni ba.

Alhaji: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Sai dai waɗancan bankuna ba gaggan kamfanoni ba ne na haƙiƙa. Sun kumbura ne bayan haɗewar bankuna ta 2005, suna ba mutane bashi domin su sayi hannun jari, farashi ya yi ta hawa ba tare da ribar da ta kai shi ba.

Akanta, ɗan marigayi sakatarenmu: Baba Alhaji, ina neman afuwa, amma a nan ne nake ganin gizo ke saƙar. Idan duk kamfanin da ya faɗi za mu ce dama can ba ya cikin gaggan, to maganar ba za ta taɓa ƙaryatuwa ba, kuma ba za ta amfane mu ba, tunda yau za mu saya, ba bayan an ga wanda ya tsira ba. Daga cikin bankuna biyar da Babban Bankin Najeriya, a zamanin Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya sauke shugabanninsu a watan Agustan 2009, akwai Union Bank, wanda asalinsa ya kai 1917, da Afribank, wanda aka soke lasisinsa a 2011 masu hannun jarinsa suka tashi a tutar babu. Ba wanda zai kira su 'yan bana-bakwai.

Ko a Amurkan da Baba ya kafa hujja da ita, General Electric yana cikin kamfanonin da aka fara ma'aunin Dow da su, ya zauna a ciki ba yankewa daga 1907, tsofaffi da yawa suna dogaro da ribarsa wajen cefane. A 2018 aka cire shi daga ma'aunin, kuma a ƙarshen shekarar ya zaftare rabon ribarsa zuwa santi ɗaya a kan kowane hannun jari a wata uku, saboda bashin da reshensa na harkar kuɗi ya tara da kuma koma bayan cinikin injinan lantarki. General Motors ya durƙushe a 2009. Gwamnati ta ceto kamfanin, motoci suka ci gaba da fita, amma tsofaffin masu hannun jari kusan ba su tsira da komai ba, domin idan kamfani ya karye masu bin sa bashi ake fara biya, mai hannun jari shi ne na ƙarshe a layi. Kodak kuma, wanda injiniyansa ne ya ƙera kyamarar dijital a 1975, ya karye a 2012 saboda mutane sun daina sayen fim. Komai girman gona akwai kunyar ƙarshe.

Alhaji: Ɗana, ka lissafa waɗanda suka faɗi ka bar waɗanda suka miƙe. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023, wato aka bar kasuwa ta tsayar da farashinta, darajarta kuma ta faɗi, MTN ya yi asarar kimanin naira biliyan 137 a shekarar, Nestlé ma ya yi asara, saboda bashin da ke kansu na dala ne. Ƙaramin kamfani da tuni ya rufe. Su kuwa sun jure, MTN ya koma cin riba a 2025, wanda bai firgita ya sayar ba ya ga amfanin haƙurinsa.

Akanta: Wannan gaskiya ce, Baba, kuma ita ce falalar da ni ma na yarda da ita: babban kamfani ya fi jure wahala, bayanan kuɗinsa kuma a buɗe suke. Amma a wancan tsakani rabon riba ya tsaya, farashi ya sauka, kuma da a ce lalurar asibiti ta taso wa ɗaya daga cikin iyayenmu a lokacin, da dole mu sayar a kan faɗuwa. Sannan akwai asarar da ba ta fitowa a takarda: idan jari ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari a shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 30, kamar yadda ta yi a 2024, buhunan shinkafar da kuɗin za su saya sun ragu.

Malam, limamin unguwa: Akwai abin da ban ji an taɓo ba. Girman kamfani ba ya halatta sana'arsa. Nigerian Breweries yana cikin tsofaffin manyan kamfanonin kasuwar, giya kuma yake yi, yawancin manyan bankunan kuwa da kuɗin ruwa suke cin riba. Tun 2012 akwai ma'aunin Lotus na Musulunci a kasuwar, wanda ke tace kamfanoni ta fuskar sana'arsu da yawan bashin ruwan da ke kansu. Idan za a saya, daga nan ya kamata a fara, ko da yake hakan zai rage yawan waɗanda za mu zaɓa.

Hajiya: Ni ban ƙi a saya ba, ƙin yarda na yi a faɗa wa gwauraye da marayun da ke da haƙƙi a asusun nan cewa babu asara. Sharaɗina shi ne kada a taɓa kuɗin asibiti da na rasuwa, abin da za a zuba kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na saura, a raba shi tsakanin sana'o'i daban-daban, a kuma bi ta hannun dillalin da ke da rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, asusun CSCS, inda ake ajiye hannun jarin da aka saya, ya fito da sunan ƙungiya, ba sunan wani mutum ba.

Alhaji: Batun dillali da sunan ƙungiya na amince, haka ma abin da Malam ya faɗa. Amma kashi ɗaya cikin uku ya yi kaɗan, domin sauran da za a bari a kwance shi ma tsadar kaya ba za ta ƙyale shi ba. Ni rabi nake nema. Akanta ya kawo mana rahoton shekara biyar na kowane kamfani da ke cikin jerin Malam, da bashinsa na dala da ribar da ya raba, mu duba kafin a kaɗa ƙuri'a ranar Asabar.