Neman kalmar Hausa: Monstre, Magie da Piège a wasan katin Yu-Gi-Oh!

Mai shirin matasa: Assalamu alaikum, malamaina da iyayena. Ranar Asabar mai zuwa an ba ni minti 20 a rediyo in yi wa iyaye bayanin wasan katin Yu-Gi-Oh!, wanda kamfanin Konami na Japan ya fara fitarwa a 1999, domin na ga wasu yara a unguwar Zango, nan Damagaram, suna zama a kansa idan an tashi daga lakwal, wato makaranta. Katunan da ɗan yayata ya nuna mini da Faransanci aka rubuta su, kuma kashi uku ne. Monstre shi ne mai yin faɗa, yana ɗauke da taurari da lambobi biyu a ƙasansa, ɗaya ta ƙarfin hari, ɗaya ta ƙarfin kariya. Magie kore ne, galibi ana ajiye shi a buɗe ya yi aikinsa nan take. Piège kuwa launinsa ja ne mai shuɗi-shuɗi, ana kife shi a ƙasa, kuma ba a buɗe shi a zagayen da aka ajiye shi. Kowane ɗan wasa yana farawa da maki 8000 da tarin kati 40 zuwa 60. Ina neman sunayen Hausa na ukun nan kafin daren Alhamis, lokacin da zan miƙa takardata.

Malamin lakwal, unguwar Birni: Wa alaikumus salam, ƙanena. Piège ba ya buƙatar dogon nazari, tarko ne, kuma fi'ilinsa ma yana nan a shirye, domin ɗana tarko ake yi, a tafi a bar shi har abin da ake jira ya taka. Kife katin shi ne ɗanawa, buɗe shi kuma shi ne kamawa. Monstre kuma ni dodo zan ce, jam'i dodanni.

Hajiya mai fassara: Na yarda da tarko, Malam, har ma ina ƙara cewa irin wanda suke kira Contre-Piège, mai soke aikin wani kati tun kafin ya yi tasiri, sai a ce masa makari, kamar yadda ake cewa makarin dafi. Dodo ne ban gamsu da shi ba. Na zauna da jikana ya baje mini nasa a kan tabarma, na ga mayaƙi da takobi, na ga kifi, na ga ƙwaro, na ga na'ura mai ƙafafu, har da yarinya mai fukafukai. Dodon da muka sani a tatsuniya abin tsoro ne mai haɗiye mutane, kuma uwa idan ta ji an ce ɗanta yana tara dodanni a cikin jakar lakwal, ba za ta tsaya jin sauran bayanin ba.

Baba na Garin Malam: Ƴaƴana, kun fara gini ba ku duba tushe ba. Ita kanta kalmar kati daga ina ta zo? Ta Ingilishi ce da ta biyo hanyar Kano, karta kuma kowa ya san da caca ake ambatonta. Muna da falle, kamar yadda ake cewa fallen takarda, kuma na daɗe ina faɗin haka a duk inda aka tayar da zancen. A ce fallen gwarzo, fallen laya da fallen tarko. Gwarzo ya ɗauke mayaƙi da kifi da na'ura gaba ɗaya, tun da abin da ya haɗa su shi ne shiga fage.

Ɗalibi a Jami'ar André Salifou: Baba, Allah ya ƙara girma, ni ina buga wasan, shi ya sa zan sa baki. Laya ta dace da kashi ɗaya tak daga cikin kashi shida na Magie, wato wanda ake ɗaura wa Monstre ya ƙara masa ƙarfi ko ya canja masa hali, kamar yadda ɗan kokawa yake ɗaura tasa a damtse kafin ya shiga fili. Amma akwai wanda yake sauya filin wasan baki ɗaya, akwai mai zama a buɗe yana ta aiki, akwai na gaggawa da ake iya buɗewa ko a zagayen abokin karawa idan an riga an kife shi, akwai wanda ake kiran wani Monstre na musamman da shi, sannan akwai na yau da kullum da yake aiki sau ɗaya a kawar da shi. Waɗannan biyar ba a ɗaura su a jikin kowa. Falle kuma, Baba, idan na faɗa wa abokaina, takardar littafi za su zata.

Baba na Garin Malam: Za su zata haka ne domin ba a koya musu ba, ɗana. Kowace kalma baƙuwa ce a ranar farko. Damagaram ta riƙe babban birnin ƙasar nan ta Nijar har 1926, kuma tun zamanin Sarki Tanimu fatake suke shiga da fita da Hausarmu. Ban ga dalilin da zai sa kullum mu jira a yanke kalma a Kano sannan mu ɗauka ba, ballantana yanzu da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025.

Malamin lakwal, Birni: Baba, ba wanda ya raina Hausar Damagaram a nan, kuma mu ma muna cewa lakwal alhali daga Faransanci muka aro ta, ba mu ɗauke shi abin kunya ba. Tsohuwar da take zuwa asibiti kati take cewa, mai sayar da kuɗin waya a Kasuwar Dole ma ya san kalmar. Idan kalma ta kai bakin tsofaffi, ta zama tamu.

Baba na Garin Malam: Bakin tsofaffi ya karɓa ne saboda masu ilimi sun yi shiru. Ni dai a rubutuna falle zan ci gaba da sawa.

Hajiya mai fassara: Mu koma ga Magie, domin yaron nan Alhamis yake jira. Fassara kai tsaye sihiri ce, ko tsafi, kuma ba na so a furta ko ɗaya a shirin da iyaye suke saurare, domin za a ɗora wa yara zargin abin da ba su aikata ba, alhali lissafi da dabara ne kawai a cikin wasan. Masu Ingilishi ma da Magic suka fara, daga baya suka koma Spell. Ina ba da shawarar katin laƙani, tun da laƙani abu ne da ake bai wa mutum ya yi aiki da shi don biyan wata buƙata, kuma kalmar ba ta da nauyin sihiri a kunne.

Ɗalibi a Jami'ar André Salifou: Hajiya, laƙani ya fi laya faɗi, amma shi ma yana kai tunani wurin boka. Katin dabara fa?

Malamin lakwal, Birni: Tarko ma ai dabara ne, saboda haka sunan ba zai raba su ba, kuma rabewar ita ce abin da mai sauraro yake buƙata: ɗaya ana amfani da shi a fili, ɗaya ana ɓoye shi a jira.

Mai shirin matasa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan rubuta: katin tarko, da makari a ƙarƙashinsa. Monstre zan ce katin gwarzo kamar yadda Baba ya kawo, amma sau ɗaya a farkon shirin zan ambaci cewa dodo ne ma'anar kalmar ta asali, domin kada wani ya ce na ɓoye wa iyaye gaskiya. Magie zan sa katin laƙani a wannan makon, laya kuma ga wanda ake ɗaurawa kaɗai, sannan in roƙi masu saurare su kira su faɗi nasu. Baba, ka gafarce ni, kati zan ce.

Baba na Garin Malam: Ka ɗauki gwarzo ka bar falle, rabin magana ka ɗauka ke nan, ɗana. Zan saurari shirin, kuma idan aka buɗe layin waya zan kira.

Hajiya mai fassara: Ni ma ban gama gamsuwa da gwarzo ba, domin a cikin katunan jikana akwai mai tauraro ɗaya da ƙarfin harinsa bai wuce 300 ba, kuma kiran wannan gwarzo ya yi masa yawa. Amma ka tafi da shi zuwa Asabar.