Kalmomin sirrin malamai suna fili a MySQL, yaya zan ɓoye su?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Na haɗa wa wata makarantar kuɗi a nan Sakkwato manhajar shigar da sakamakon jarabawa, da yaren rubuta manhaja na PHP da ma'ajiyar bayanai ta MySQL. Matsalar ita ce yaron da ke kula da kwamfutocinsu yana shiga phpMyAdmin, shafin da ake duba abin da ke cikin MySQL, da ya buɗe teburin malamai sai ga kalmomin sirrinsu tsirara: wannan sunan ɗiyarsa, wancan lambar wayarsa. Akwai yadda zan sa su riƙa fitowa kamar taurari?

Injiniyan Arkilla:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, taurari ido kawai suke rufewa, kalmar tana nan zaune daram cikin tebur. Kada ka ajiye ta sam. Yi amfani da password_hash(), tana cikin PHP tun sigar 5.5. Za ta niƙa kalmar da bcrypt ta ba ka haruffa 60 da ba a mayar da su baya, kamar yadda gari ba ya komawa gero. Waɗannan za ka ajiye, ka ba gurbinsu a tebur faɗin haruffa 255. In malami ya zo shiga, password_verify() ce za ta gwada abin da ya rubuta.

Kuma kada wani ya ruɗe ka da tsofaffin hanyoyin niƙa irin su MD5 ko SHA-1. Sauri gare su, ɓarawo kuwa saurin yake so don ya yi ta cinke. A 2012 an watsa kalmomin sirri kusan miliyan 6.5 da aka sace daga shafin LinkedIn, SHA-1 ne babu gishiri (wasu haruffa na daban da ake gauraya wa kalma kafin a niƙa ta), aka fasa mafi yawansu. Shi bcrypt kowace kalma da gishirinta, ko malamai biyu sun sa 123456 abin da aka ajiye ba zai zo ɗaya ba.

Ɗan Mabera:
Na gode yaya. To in malami ya manta tasa fa? Shugaban makarantar ya saba a duba masa a faɗa.

Maman Ilham:
Sai haƙuri, wannan ya wuce. A ba shi ta wucin gadi, ya canza da kansa a shigar farko. Sannan ka daina ba yaron nan root, asusun da ke da iko kan komai a MySQL. Buɗe masa asusunsa daban, ka yi masa GRANT, wato ka ba shi izini, kan teburan da aikinsa ya shafa kaɗai. Kuma ka sa duk malaman su canza tasu a wannan makon, tunda an riga an gani. Na tabbata a cikinsu akwai mai amfani da ita a Facebook ko manhajar banki.