Kusoshin injin markaɗe na kwancewa, na sa jan gam yanzu kuma biyu sun ƙi fita

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka min da shawara. Injin markaɗe ne na saya wa Hajiyarmu bayan rasuwar Baba da kuɗin adashen da na ɗauka, ƙanina ke kula da shi, tun asuba mata na layi da bokitan wake da kayan miya, da shi ake cefanen gidan har da kuɗin makarantar yara biyu, ni kuma aiki ya kai ni Kaduna sai ƙarshen sati nake leƙowa. To kusoshi huɗun da suka riƙe injin a jikin firam kullum sai girgiza ta kwance su, ranar Asabar har bel ya fita ana tsakiyar markaɗe. Wani ya ce in nemi Loctite, gam ɗin da ake ɗigawa a zaren kusa don kada ta kwance, na samo ja na ɗiga na ɗaure. Yanzu biyu sun sake kwancewa, biyu kuma ko gezau da sifana, ga shi ina so in ja injin baya in ɗame bel. Hajiya ta ce ni na lalata mata inji. Ya zan yi?

Oga Bakanike: Wa alaikumus salam. Ƙanina kai ka jawo wa kanka. Abin nan ba irin gam ɗin da ka sani ba ne, iska ba ta busar da shi, sai ya shiga tsakanin zaren kusa da noti inda babu iska kuma ya taɓa ƙarfe sannan yake daskarewa. Shi ya sa ba sa cika robarsa, iskar ciki ce ke hana shi kamawa. Kuma kala-kala ne, shuɗi mai lamba 243 shi ne na abin da za ka dawo ka kwance da sifana, ja irin 271 na wurin da ba ka da niyyar komawa ne, sai an gasa shi ya kai wajen digiri 250 yake saki. Kusar ɗame bel ka sa wa ja? Tsaya ma, ka wanke kusoshin kafin ka ɗiga?

Mai walda: Duk wannan dogon turanci ne. A kawo in ɗan ɗosa wa kowane noti walda, magana ta ƙare.

Oga Bakanike: In bel ya saki kuma ya ɗame da me, da haƙori?

Ɗan Keke: Ni wallahi na daina sayen abin nan, jabu ya cika kasuwa. Na sa a kusar salansa ko sati bai yi ba ta faɗi a hanya, na koma shagon mutumin ya ce wai ba ya karɓar kayan da aka buɗe, ga kuɗin balas na jirana da yamma, ga kayan gyara kullum sai hawa suke

Oga Bakanike: Ba lallai jabu ba ne Malam, yawancinsu iyakarsu digiri 150 ne ko sama kaɗan, bakin salansa kuwa ya wuce nan nesa. Kai ma ba wurinsa ka sa ba.

Mai tambaya: Oga na goge su da tsumma fa. Kuma ja na ɗauka don an ce ya fi ƙarfi, ni matsalata kwancewa ce ai mai ƙarfin zan nema. Na bar shi kamar rabin awa muka tada inji, mata na jira ba zan ce su koma ba.

Oga Bakanike: To ga amsarka nan. Tsumma ba ya cire baƙin mai daga cikin zare, inda mai ya yi yawa bai kama ba, inda babu ya kama. Kuma awa 24 yake so kafin ya gama ƙarfi. Ka cire tankin fetur ka kai shi nesa, a gasa notin biyun a kwance tun da zafinsu, a kankare zaren da buroshin ƙarfe a wanke ya bushe, ɗigo biyu na shuɗi, da daddare bayan an tashi aiki, a ba injin hutun kwana ɗaya.

Maman Biyu: Hutun kwana ɗaya? Oga kai ba ka taɓa jiƙa wake ba. Mu na unguwarmu haka ya rufe kwana biyu duk muka koma wani wajen har yau ban koma masa ba.

Baba Tsoho: Yaro ka sa noti biyu-biyu da sifirin washa, haka muka yi shekara da shekaru. Ka kuma duba ƙasan firam ɗin, in ba a zaune yake daidai ba ko me ka sa girgizar na nan.

Mai tambaya: Na gode Baba, amma firam ɗin lafiyarsa ƙalau ni na sa aka haɗa shi. Maganar wuta kuma Hajiya ba za ta yarda a kawo kusa da injinta ba. Zan zura fayif a sifana in gwada da ƙarfi.

Oga Bakanike: Za ka karya kusar.

Mai tambaya: In ta karye ai kusa ce a sayi wata. Wai akwai wani kore da ake ɗigawa ba sai an kwance ba, shi fa?